Tabon Man Gyaɗa

Ni dai tun ina ƙarama ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Gwaggo takan ce ko a tsakiyar tabarma aka ajiye ni, kafin a juya na koma bakin ƙofa. To sai ga ni a Amurka, a wani gari kudu da Greensboro da ake kira Pleasant Garden, inda babu bas, babu mai tafiya a ƙasa, tsakanin gida da gida kuwa sai ka ƙwala kira kafin maƙwabci ya ji ka. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, malamar firamare ce ni daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, na zo digiri na biyu a fannin koyarwa a wata ƙaramar jami'ar Kirista. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, don a abin da zan ba da labari laifina ya fi nata yawa.

Wadda ta ɗauko ni daga filin jirgi wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Dorothy, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ta ɗauki rabin nauyin karatuna, sauran rabin wasu ƙananan coci-coci ne na yankin, kuma a gidanta zan zauna. Tun a mota ta ce in riƙa kiran ta da sunanta kawai. Na ce to, amma bakina ya ƙi. Ina ni ina kiran sunan babba gatsal? Gwaggon da ta raine ni, har na kai waɗannan shekaru ban taɓa furta sunanta ba. Ko takwararta na haɗu da ita, sai dai in ce mata mai sunan Gwaggo. Sai na laƙaba wa tsohuwar nan Mama, ta yi dariya ta karɓa.

Gwaggo yayar babana ce, Musulma. Babana shi kaɗai ne Kirista a gidansu, kuma shi da mahaifiyata sun rasu a shekara guda, ina 'yar shekara huɗu. Kafin ya cika ya roƙi yayarsa ta bar ni a kan hanyarsa, ta ce ta ji. Kowace Lahadi ta yi mini wanka, ta ɗaura mini ɗankwali, ta kai ni har ƙofar coci, sannan ta koma gindin darbejiya da farantin ƙuli-ƙulinta ta jira a tashi. Dangi sun yi magana har bakinsu ya gaji.

A ranar da na sauka na yi kuskuren da ya bi ni wata takwas. Mun gama cin abinci, na miƙe in wanke kwanuka, na naɗe hannun riga. Ina da tabon ƙuna daga wuyan hannun hagu har sama da gwiwar hannu. Mama ta riga ta karanta a takarduna cewa ni marainiya ce da ta tashi a gidan Musulmi. Sai ta kama hannun nan, idanunta suka ciko.

“Ba sai kin faɗa mini ba, 'yata,” in ji ta. “Na san abin da ake yi wa irinku a can. Yanzu kin tsira.”

Ga kuwa yadda aka yi. Ina da shekara bakwai, Gwaggo na suyar ƙuli-ƙuli, na biyo ɗan akuya a guje na yi karo da kaskon. Man gyaɗa na tafasa. Da hannu biyu tsura ta cafe kaskon ta kauda shi daga fuskata. Ni hannu ɗaya ya samu rabonsa, ita tafukanta biyu suka dahu. A haka ta sa aka ɗora mata ni a baya, ta yi ta tafiya da hannuwa a sama har asibitin mishan. Yatsunta ba su ƙara miƙewa ba, da babban yatsa kaɗai take jan carbi.

Amma ga tsohuwa tana kuka domina, a kicin ɗinta, abincinta na cikina, ko awa biyar ban yi a ƙasarsu ba. Ta ina zan fara ce mata ta yi kuskure? Na yi mata kara. Na sunkuyar da kai na yi shiru, na ce a raina gobe da safe na gyara. Ban san cewa a wurinsu wanda aka faɗa wa magana ya sunkuyar da kai, ya amsa ke nan ba. Gari ya waye tana ta murnar kai ni sayen rigar sanyi, na ce bari dai sai jibi.

Makarantar kuwa ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Akwai wani babban zaure da taswirar duniya ta cika bangonsa ɗaya, an tsittsira mata ƙananan allurai masu jan kai. Duk ɗalibin da ya gama zai soka allura a inda zai koma aiki. Na tsaya na nemi ƙasarmu, na ga allurai kaɗan a wajen Jos, babu ko ɗaya a wajenmu, na ce saura tawa. A ajinmu akwai 'yan Koriya, da 'yan Ghana, da wata 'yar Indiya da muke musayar barkono da ita kamar masu fasa-ƙwauri.

Dole kowane sabon ɗalibi ya ɗauki darasi a kan wanda ya kafa makarantar. Wani tsohon farfesa baƙar fata ne ke koyarwa, mai magana a hankali kamar yana tsince tsakuwa a shinkafa. Ya ce mutumin nan mai wa'azin ƙauye ne, a rumfar shanya taba ya fara da 'yan ɗalibai. Burinsa ƙofar makaranta ta zama a buɗe ga kowace al'umma, wanda ya samu ilimi kuma ya koma ya yi wa mutanensa hidima. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙa'idar da ya kafa wa waɗanda yake aikawa ƙasashen waje: su ci abincin mutanen da suka tarar, kuma kada su dawo su ɓata sunan gidan da suka ci a cikinsa don a ji daɗin ba su taimako. Na rubuta wannan a littafina har na ja layi a ƙarƙashi, ina jin daɗi Bature ma ya san mutunci. Ko kusa ban kawo kaina a ciki ba.

Da kaka ta shigo sai Mama ta fara zagayawa da ni coci-cocin da ke tallafa mini. Ni in rera waƙar sujada da Hausa, ita ta yi bayani. Bayanin nan kuwa kullum ƙara tsawo yake. A wata 'yar coci a McLeansville, tsakiyar gonaki, ta ce a gaban jama'a gwaggota ce ta ƙona ni don na ƙi barin addinina, sannan ta ɗaga hannun rigata. Wani ya ɗauki hoto. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Wata tsohuwa ta ba ni bargon da ta yi wata uku tana ɗinkawa da hannu, wani manomi ya cika mana but ɗin mota da dankali. Suka kewaye ni suna addu'a Allah ya huce zuciyar wannan muguwar mata, ni kuma ina tsaye a tsakiya ido rufe, ina ganin Gwaggo a gindin darbejiya.

Daga ranar zama ya gagare ni. In ɗauki littafi in ajiye, in fita tsakar gida in dawo, in miƙe titi ina tafiya ba inda za ni. Sau uku masu mota suna tsayawa su tambaye ni ko lafiya, don a garin nan ba a tafiya a ƙasa sai motar mutum ta lalace. In mun tashi aji da wuri sai in hau bas ɗin cikin gari, kowanne ya zo, in bi shi har ƙarshen hanya in dawo, kafin lokacin da Mama za ta zo ɗauka ta.

A cikin bas ɗin ne wata rana na ji wata mata a bayana tana zazzaga wa wani faɗa a waya da Hausar Maraɗi. Wata uku ban ji Hausa a bakin kowa ido da ido ba. Na juya na ce, “Hajiya, ina wuni?” Ta kashe wayar ba ko sallama, ta ƙare mini kallo.

“Ke ɗiyar wa ce? Ina za ki?”

Na ce babu inda za ni.

“To tashi mu sauka.”

Hajiya Mariya ke nan, mai shagon kitso a Glenwood, unguwar ƙananan tsofaffin gidaje da ɗalibai da 'yan haya. A bayan shagon ta zaunar da ni ta tura mini kwanon dambu da zogale. Na ga ya kamata ta san wa take ciyarwa, na ce mata sunana Hannatu, Kirista ce ni, a makarantar mishan nake.

“Mi ruwana da lakwal ɗinki?” ta ce. “Zamna ki ci, duk kin bushe.”

Shagon nan ya zama mini gida. Duk Asabar Mama ta sauke ni a ɗakin karatu na gari, ni kuma in zarce can. Ina raba wa Hajiya gashin ƙari, muna hira, da rana in kankare katin waya in kira gida. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da isa wajenmu ba. Wani mai shago a bakin kasuwa nake kira, ya aika wa Gwaggo, in sake kira bayan rabin awa. Ba ta taɓa tambaya ta karatu ba. Tambayarta ɗaya ce: an ce ƙasar da sanyi, hannun yana ƙaiƙayi? Ina shafa man kaɗanyar da ta ƙulla mini? In ce eh, Gwaggo, in ajiye waya in rasa inda zan sa kaina.

A watan Maris aka kira ni ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Wani matashi mai yawan murmushi, shi ke haɗa mujallar makaranta, ya ce an zaɓe ni in yi jawabi a liyafar tunawa da wanda ya kafa jami'ar. Ya miƙo mini shafin da za a buga a kaina. Ga hoton McLeansville, hannuna a waje, ga labarin Mama an ƙara masa gishiri. Ya ce mujallar tana zuwa duk coci-cocin da suke hulɗa da su a duniya, har da namu. Ya ƙara da cewa, kamar ba komai ba, a liyafar nan ne masu tallafi ke yanke shawarar shekara ta biyu.

Na san teburin da mujallar za ta sauka, na faston ƙauyenmu. Na san malamin da zai fassara wa mutane. Kafin kwana biyu duk garin zai ji cewa Hannatu ta je ta gaya wa Turawa gwaggonta ta ƙona ta saboda addini. Shekarun kuwa ba na wasa ba ne, ƙaramar magana tana iya tada gari. Tsohuwar da ta jure surutun danginta saboda ni, yanzu mutanen cocina za su riƙa nuna ta da baki. Duk da haka abin da ya fito bakina shi ne, “Zan duba.”

Asabar ɗin da ta biyo asirina ya tonu. Wata Ba'amurkiya baƙa ta zo kitso, tana ta kallo na ta madubi, can ta dafe ƙirji ta ce ai ta gane ni, ni ce yarinyar da aka kawo cocinsu, wadda gwaggonta Musulma ta ƙona. Ta yi ta sa mini albarka. Hajiya ta ci gaba da kitsonta har ta gama, ta sallami matar, ta juya allon ƙofa alamar an rufe. Sannan ta zauna.

“Bon. Wagga Gwaggo da kike kira nan cikin shagona, mai tambayar man kaɗe, ita ta ƙona ki?”

Na fashe da kuka na gaya mata komai, tun daga ɗan akuya har mujalla. Na ce kara na yi wa Mama, tsohuwa ce, a gidanta nake ci nake sha.

“Kara,” in ji Hajiya. “Kin ci tuwon Anasara wata takwas, kin yi mata kara. Wadda kika ci tuwonta shekara ashirin da wani abu, da hannuwan da suka ƙone dominki, ita wa zai yi mata karar? Ni ban yi nisa a lakwal ba, ɗiyata, amma wanga lissahi naki bai hita ba.”

Na gwada gyarawa a ɓoye, Allah ya sani. Na samu Mama a kicin na ce mata hatsari ne, Gwaggo ba ta taɓa cuta ta ba. Ta rungume ni ta ce ta san zuciyata mai yafiya ce, ba sai na kare matar ba. Na koma wurin mai mujalla, ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce waɗanda suka sha wuya sukan ji tsoro in lokacin magana ya matso, kada in damu, za a sakaya sunan ƙauyen. Hotona fa? Shirun da na yi ya riga ya yi ƙarfi har maganata ba ta iya ture shi.

Liyafar da rana aka yi ta, a zauren taswira. Mu 'yan ƙasashen waje muka shigo a jere kowa da tutar ƙasarsa, aka yi ta tafi. Mama na teburin gaba da sabuwar hula, Hajiya kuma na can baya kusa da ƙofa. Da aka kira ni na hau da takardar da aka rubuta mini. Na kalli taswirar nan, na kalli tsohon farfesa a gefe, na kife takardar. Da kaina na naɗe hannun rigata.

“Wannan tabon man gyaɗa ne,” na ce da Turancin da ya rage mini. “Ni na ture kaskon. Matar da aka ce muku ta ƙona ni, ita ta tare man da hannunta don kada ya sami fuskata. Musulma ce, kuma ita ta riƙa kai ni coci har na girma. Da ba don ita ba da ba ku gan ni a nan ba. An koya mana a makarantar nan kada mu ɓata sunan gidan da muka ci abinci. Ni na ɓata, da shiruna, don ina jin kunyar gyara wa wadda ta yi mini alheri. Laifin nawa ne. Kun daɗe kuna yi mata addu'a ba ku san sunanta ba.”

Sai na faɗi sunanta, cikakke, har da na mahaifinta. Ji na yi kamar na tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Su ba su san abin da na yi ba, a wurinsu suna ne kawai. A nan ma ba zan rubuta shi ba, sau ɗayan ya ishe ni.

Na sauke hannun rigata. Aka ɗan yi tafi a rarrabe, irin na mutanen da ba su tabbata ko ya dace ba. Farfesa dai ya miƙe tsaye, shi kaɗai, bai tafa ba, ya ɗan rusuna mini ya zauna. Mama ta tuƙa mu har gida. Ta kashe mota, hannunta na kan sitiyari.

“Wata takwas kika bar ni ina kai ƙarar mutumiyar kirki wurin Allah,” ta ce. “A gaban mutanen da na sani tun ina yarinya.”

Gaskiya ta faɗa. Ta ce tana son ta zauna ita kaɗai na ɗan lokaci. Washegari Hajiya ta zo da motar wani ɗan garinsu aka kwashe kayana zuwa Glenwood, ta ba ni ɗakin da take ajiye katan-katan na gashi.

An cire shafina daga mujallar. Coci-cocin nan ba su ƙara gayyata ta ba, tallafinsu ma bai dawo ba. Shekara ta biyu tsakanin kicin ɗin makaranta da ɗakin karatu na yi ta, farfesa ne ya nema mini aikin, kuma sai da na ƙara zango ɗaya kafin in soka allurata a taswira. Amma wannan duk daga baya ne.

Sati uku da liyafar, ranar Asabar, sai ga Mama a ƙofar shagon, ta tsaya tana raba ido a cikin matan Nijar. Ta kawo mini rigar sanyin da na manta. Ta ce nata rabin tallafin yana nan, ba ta janye ba, amma har yanzu tana fushi, kada in ɗauka ta huce. Sannan ta ciro wata 'yar leda. Safar hannu ce guda biyu masu kauri, irin wadda suke sauke tukunya da ita.

“Ki aika mata,” ta ce. “Ki kuma rubuta mini sunan nan a takarda, ban riƙe shi ba.”

Hajiya ce ta rubuta mata, ni na ce hannuna da mai.

Bayan ta tafi Hajiya ta kankare kati da kanta ta ce yau sai na gaya wa Gwaggo. Aka kira, aka jira, aka sake kira. Na fara kame-kame, ina gaisuwa ina maimaitawa, sai Hajiya ta fizge wayar ta zayyana mata labarin tas, ba ta rage mini komai ba. Ta ƙare da cewa, “Amma ɗiyar taki ta wanke ki, Gwaggo. Gaban Anasara cike da zaure ta tsaya ta kira sunanki, har da na tsohonku.” Ta miƙo mini wayar.

Na kara a kunne ina jiran faɗa. Ba na jin komai sai hayaniyar kasuwarmu da kukan wani babur. Na ce, “Gwaggo, ki yafe mini.”

Da ta buɗe baki na ji dariya a muryarta.

“Ashe kin san sunan nawa,” ta ce. “Ni na ɗauka tun da ubanki ya rasu babu sauran mai tuna shi.”

Ta ja hanci, ta gyara murya.

“To ya isa haka. Hannun fa, yana ƙaiƙayi?”

Na ce ya daina, Gwaggo, zafi ya fara shigowa. A nan katin ya ƙare.